Idan mai tsohuwar mota ya yi shiru: yadda za a duba shi, da yadda za a riƙe masa motarsa

Duk inda masu sha'awar tsofaffin motoci suke haɗuwa, akwai mutumin da ba ya fashi. Shi ke riga kowa buɗe bonet, shi ake tambaya lambar fulogi ko girman sifana. Kwatsam sai a neme shi a rasa, haɗuwa ta gaba ma haka, waya tana shiga ba a ɗauka. Da yawa daga cikin masu wannan harka shekaru sun ja, wasu su kaɗai suke zaune, ga shi aikin da suke yi na kwanciya ne ƙarƙashin ƙarfe mai nauyin tan guda ko fiye. Shirun irin wannan mutum abin bincike ne. Amma binciken yana da tsari: a fara da mutumin, mota ta biyo baya. A duka biyun kuwa, zumuɗin masu kyakkyawar niyya shi ya fi yin ɓarna.

Ku auna shirun da halin mai shi

Wanda ya saba magana kullum, shirun kwana uku ya yi yawa. Wanda dama yakan ɓace wata guda ya dawo, mako biyu ba abin tayar da hankali ba ne. Ku fara da tambaya uku: wa ya ji shi na ƙarshe, yaushe, kuma me ya ce zai yi? Ta ukun ta fi muhimmanci. In maganarsa ta ƙarshe ita ce gobe zai sauke giyabos ko zai canja salansa, daga nan aka ji ɗif, to kada a jira wani mako. Yau za a je.

In babu irin wannan alama, a zaɓi mutum ɗaya, wanda suka fi ɗasawa, shi kaɗai ya nema. Mutum goma su yi ta kiran matar da ke zaman jinya a asibiti, wannan ƙarin nauyi ne. Kira ɗaya, saƙo ɗaya, kuma saƙon ya zama mai sauƙin amsawa: "Yallaɓai, kwana biyu ba mu ji ka ba. Ba sai ka yi dogon bayani ba, kalma ɗaya ta isa mu san kana lafiya." Kada a haɗa da zancen jak ɗin da ya ara ko kayan da ya yi alkawarin kawowa.

Idan aka kwana aka wuni ba amsa, sai a tuntuɓi na kusa da shi a harkar: bakaniken da ke masa aiki, wanda yake sayen kayan gyara a wurinsa, abokin da suke jerawa in za a fita. Abin da ba za a yi ba shi ne yaɗa adireshinsa ko hoton gidansa a bainar jama'a da sunan cigiya. Wannan shela ce ga ɓarayi cewa ga mota mai daraja, ga gareji cike da kaya, ga shi ba mai gadi.

In za a je gidan

Gani ya kori ji. Mutum biyu su je, da rana. Kafin a ƙwanƙwasa a duba waje: wasiƙu ko kayan saƙo sun taru a ƙofa? Fitila a kunne tsakar rana? Motar da bai taɓa bari ta kwana a waje ba tana tsaye ruwa na dukanta? Daga nan a zagaya gareji, domin nan ne hatsarin wannan sana'a yake.

Idan kuka ji inji yana aiki ƙofar gareji kuma a rufe, kada wanda ya kutsa ta ƙaramar ƙofa. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tsofaffin motoci sun fi na yanzu fitar da ita nesa ba kusa ba, domin ba su da na'urar tace hayaƙi da aka fara sa wa motocin Amurka a 1975, kuma in cok, wato abin da ake ja don ƙara wa inji fetur lokacin tayar da shi, yana jaye abin ya ƙara muni. A rufaffen ɗaki mintuna kaɗan sun isa su kayar da mutum, har da wanda ya shiga ceto. A wangale babbar ƙofa daga waje, a kira lambar gaggawa, iska ta ratsa, sannan a jawo shi waje. Ko ya farfaɗo ya ce ciwon kai ne kawai da jiri, sai an kai shi asibiti.

Idan kuma mota ce ta zamo daga jak ta danne shi, kiran gaggawa ne farko, a kuma bi abin da mai amsa kiran ya ce game da ɗaga ta. In an ce a ɗaga, a sa waigi gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa, a kawo wani jak daban a kafa a daɓe mai ƙwari, ana ɗagawa ana cusa katako mai kauri don kada ta sake dawowa. Bulon siminti ba abin dogara ba ne, yakan fashe lokaci guda ba tare da gargaɗi ba.

In kun buga ba amsa, ba ku kuma ga komai ba, ku tambayi maƙwabci. In shi ma bai gan shi ba kuma alamun ba su yi muku daɗi ba, ku sanar da 'yan sanda su zo su duba lafiyarsa. Ku ba su sunansa, kimanin shekarunsa, ranar da aka ji shi na ƙarshe, da ciwon da kuka san yana fama da shi. Fasa ƙofa aikinsu ne.

Sau da yawa dai za ku same shi garau. Wayarsa ce ta lalace, ko rashi aka yi masa, ko aljihu ne ya yi sanyi har ya sayar da motar yana jin nauyin faɗa, ko wani ne ya ɓata masa rai a haɗuwar baya. Ku gaishe shi, kada ku tsare shi da tambayoyi. Kafin ku tafi ku tambaye shi abin da ya yarda a gaya wa sauran. In ya ce a ce yana lafiya kawai, a tsaya nan, a bar kaza cikin gashinta.

Motar: kada ku tayar da ita

Mu ɗauka jinya ce mai tsawo, zai yi watanni bai taɓa sitiyari ba. Kafin hannun kowa ya taɓa motar sai da izininsa ko na iyalinsa, a rubuce in da hali, ko da saƙon waya ne. Sannan a ɗauki hotuna: bodi ta kowane ɓangare, cikin inji, lambar shasi da ta inji, mitar tafiya, da kowane kanta na gareji. Wannan kariya ce gare ku ranar da aka nemi wata kafireta aka rasa. Fita da ita kan titi kuwa a manta da shi, sai in an tabbatar inshorar ta yarda wani ya tuƙa.

Kuskuren da abokai suka fi yi shi ne su riƙa zuwa duk mako suna tayar da ita ta yi silo na minti biyar "don kada ta kwanta". Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Duk litar fetur da ta ƙone tana haifar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. In inji ya yi zafi sosai tururin yakan fice ta salansa. In bai yi ba, sai ya koma ruwa ya kwanta cikin salansa ya cinye ta daga ciki, wani kuma ya sauka cikin baƙin mai ya haɗu da ragowar ƙuna ya zama mai guba ga ƙarfe. Farin kumfa mai kauri da ake gani ƙarƙashin murfin mai alamarsa ke nan. Ga shi kuma wutar da kik ya ja daga batir ba ta komawa, domin dinamo irin na da kusan ba ya caji a silo. Inji yana bukatar tafiyar minti 20 zuwa 30 a kan hanya kafin mansa ya yi zafin da ya kamata. In ba za a iya ba shi wannan ba, gara a ƙyale shi yana barci.

Batir shi ne farkon mutuwa. A auna shi da mita bayan ya huta: folt 12.6 cikakke ne, 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12.0 kuwa ya fara lalacewa, domin in ya daɗe a haka gishirin darma yakan daskare a jikin farantansa ya ƙi narkewa. Ko dai a cire kansa, ko a jona masa caja mai lura da kanta wadda ke tsayawa in ya cika. Tsohuwar caja mai tura wuta ba tsayawa za ta ƙafar da ruwansa. In mai murfi ne, a ƙara masa tataccen ruwan batir har ya rufe farantan da kamar santimita ɗaya, kuma ban da sigari ko tartsatsi kusa, iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa.

A nan ne tsohuwar mota ke yaudarar wanda ya saba da sabuwa. Ba kowacce ce mai folt 12 ba: Volkswagen Beetle kafin samfurin 1967 folt 6 ce, cikakken batirinta kamar 6.3 yake nunawa, cajar folt 12 kuwa za ta kashe shi. MGB ta farko, motar Ingila, tana da batir biyu masu folt 6 a jere, a ɓoye bayan kujeru. Sannan motocin Ingila da yawa har zuwa tsakiyar shekarun 1960 kai mai alamar + ne ke haɗe da bodi, akasin abin da aka sani yau. Saboda haka kada a haddace "cire mai alamar – da farko". Ƙa'idar ita ce a bi waya da ido, duk kan da ya tafi jikin bodi shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. A Beetle batirin yana ƙarƙashin kujerar baya. In murfin kansa ya ɓata, wayoyin ƙarfen kujerar kan iya taɓa kawunan biyu in wani ya zauna, wuta ta tashi.

Sai fetur. Na yanzu, musamman mai gaurayen itanol, yakan fara lalacewa cikin wata uku zuwa shida. Mai sauƙin cikinsa ya tashi, ragowar ta yi danƙo ta toshe ƙananan ramukan kafireta, itanol kuma ya jawo laima daga iska ya tara ruwa a gindin tanki, inda tsatsa ke farawa. Yana kuma cin tsofaffin tiyon roba. In zaman bai wuce wata shida ba, a cika tankin kusan baki don iska ta ragu, a zuba maganin adana fetur daidai awon da ke jikin kwalbar. In zai kai shekara, a zuƙe shi gaba ɗaya da famfon hannu zuwa jarkar da aka yi don mai, a waje, a kuma zubar da wanda ke cikin kwanon kafireta. Motar dizal ta fi haƙuri, amma ita ma ruwan gindin tanki yana haifar da baƙin yauƙi mai toshe filta.

Birkin hannu a sauke shi. In aka bar shi a jaye watanni, shu yakan manne da diram saboda tsatsa, ranar fita taya ta ƙi juyawa. A sa waigi kawai. Duk wanda ya leƙo ya taka birki da kuloci sau goma-goma, don robobin ciki su motsa, faifan kuloci kuma kada ya manne. In birki ya nutse har ƙasa, akwai yoyo. A leƙa bayan tayoyi a nemi inda ya jiƙe. Amma kada a yi saurin ƙara man birki kafin a san wane iri ne a ciki. DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa da juna, su ne masu shan laima, shi ya sa ake canja su duk shekara biyu, kuma ɗigonsu yana cin fenti. DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da su. Citroën DS ta ƙarshen shekarun 1960 zuwa gaba koren mai take sha, LHM, in aka zuba mata na gama-gari duk robobinta sun tashi aiki.

Taya a ƙara mata iska kamar PSI 5 zuwa 10 (PSI shi ne awon iskar taya) bisa yadda aka saba, ba tare da wuce iyakar da ke rubuce a gefenta ba, a riƙa tura motar rabin mita duk mako biyu ko uku don kada gefe ɗaya ya baje. Alli a daɓe zai nuna inda ta tsaya.

Lagireto ya danganta da inda ake. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, ruwa zalla a inji hatsari ne: in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya tsaga bulok. Rabin ruwa rabin maganin daskarewa yana karewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. A wuri mai zafi ma maganin yana da amfani don yana hana tsatsa. Wanda ya zube a goge nan take, yana da zaƙi kuma yana kashe kyanwa da kare. Beetle da tsohuwar Porsche 911 iska ke sanyaya su, kada a ɓata lokaci neman lagireto.

Ɓera, a ganinmu, ya fi tsatsa saurin ɓarna. Yana sheƙa cikin gidan filtar iska da bututun hita, ya yage kujera, ya gwagwiyi wayoyi, ranar da aka mayar da batir sai hayaƙi. A cire duk abin ci daga motar da garejin, a toshe bakin salansa da na shigar iska da soson ƙarfe, a rataya takarda a sitiyari mai tuna cewa an toshe. A ɗana tarko, ya fi guba, domin wanda ya ci guba cikin hita zai je ya mutu. Kashinsa kada a share shi a bushe, ƙurarsa na iya ɗauke da cuta: a sa safar hannu, a jiƙa shi da ruwan bilic kashi ɗaya cikin goma, a bar shi minti biyar, a kwashe.

Rufi ya zama na yadi mai shan iska. Tamfol ko leda suna tsare laima a kan fenti har ya yi ƙuraje. Mota mai rufin yadi a bar rufin a ɗage a kulle, in ya daɗe a naɗe yakan ƙanƙance. A ɗaga kafet a taɓa ƙasa, in da danshi a fitar da shi ya bushe. A ƙarshe a shimfiɗa farin kwali ƙarƙashinta: baƙin ɗigo na inji ne, mai kauri mai wari na giya, ja na giya mai canja kanta, kore ko shuɗi na lagireto, mai haske kusa da taya kuwa na birki.

Ranar da za a tashe ta

In ta haura wata shida a kwance, kada a fara da makulli. A cire soson ƙarfen nan, a duba gidan filta. A canja baƙin mai da filta. Injuna da yawa na wancan zamani 20W-50 suke sha, amma littafin motar ne alƙali. A kwance fulogi duka, bayan an sa wa wayoyinsu lamba, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na mai, kamar mililita 5, a kowace silinda, a bar shi ya kwana. Washegari a sa giya a furi, a juya injin da sifana ta kan fulin gaba, zagaye biyu cikakku. In ya cije, a tsaya. Ko zoben fistin ne ya kama da tsatsa ko bawul ne ya maƙale, ƙarfi kuwa karya su zai yi.

In ya juya lafiya, a cire ƙaramar wayar koyil, a buga kik fulogi suna waje, daƙiƙa goma a huta rabin minti, har fitilar mai ta mutu ko allurarsa ta ɗaga. Yanzu mai ya isa ko'ina. A goge bakin kwantak, wato ƙarafan da ke buɗewa da rufewa cikin distiributa mai raba wa fulogi wuta, da lallausar takardar yashi, domin yakan yi dattin da ke hana wuta wucewa. A Beetle da yawancin masu distiributa ta kamfanin Lucas na Ingila tazararsa kamar milimita 0.4 ce. Kada a bar makulli a kunne inji a kashe, yana ƙona kwantak da koyil. A lanƙwasa kowane tiyon fetur da hannu, wanda ya tsage ko ya yi tauri a canja. Sabon fetur, ƙofar gareji a wangale, na'urar kashe wuta a hannun mutum ɗaya, wani kuma idonsa a kan kafireta, domin allurar cikinta takan maƙale fetur ya yi ambaliya a kan inji mai zafi. Shuɗin hayaƙi na 'yan mintunan farko man da kuka zuba ne. Fitilar mai kuwa in ta ƙi mutuwa cikin daƙiƙa biyar, a kashe.

Kafin titi, a gwada birki da tafiyar ƙafa a tsakar gida, a kuma karanta shekarun taya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT mako ne da shekara: 2315 na nufin mako na 23 na 2015. In uku ne kacal, kafin 2000 aka yi ta. Wadda ta wuce shekara goma a sauke ta, komai kyan zanenta.

In mai ita ba zai dawo gare ta ba

Nan ake gane abokai. Kada wanda ya taya motar mutum yana kwance, ko iyalinsa suna cikin jimami. In su suka ta da maganar sayarwa, a haɗa su da mai kimantawa wanda ba shi da niyyar saye. A taimaka musu tattara takardun mallaka, rasitan gyara, littafin motar da makullan ajiya. A kuma hana su zubar da kwalayen da suke gani tarkace ne: tsohuwar kafireta, asalin sitiyari ko rediyon da aka cire suna ƙara wa motar daraja, wasu ma ba a ƙera su yanzu. Lambar shasi a kwafe ta daga jikin motar a gwada da ta takarda; mai haruffa da lambobi 17 ta zama ƙa'ida ne daga 1981, ta tsofaffi ta fi gajarta, kada a ɗauka kuskure ne.

Duk wannan ya fi sauƙi in kowa ya rubuta takarda guda tun yana da lafiya. A cikinta: wanda za a kira in an ji shi shiru, wanda ya yarda ya taɓa motar, folt nawa ce kuma wane kai ne ke bodi, irin man inji da na birki, inda ya ɓoye makunnin yanke wuta, da halayenta na daban. Beetle ta shekarun 1950 ba ta da allurar fetur, sai ɗan hannu a ƙasa da ake juyawa in mai ya ƙare. Mercedes W123 ta dizal in ta ƙi mutuwa da makulli, akwai hannu mai rubutun STOP a jikin injin da ake dannawa. Kwafi ɗaya ya zauna cikin motar, ɗaya wurin iyali, ɗaya wurin abokin da ya amince da shi, a riƙa sabunta ta duk ranar da aka canja baƙin mai.